Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kunun Zaki na Tsiro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya a kan sana'ar kunun zaki da aka san gidanmu da ita a Katsina, yau kuma ga yadda ake yinsa. Zaƙin kunu na gaskiya daga tsiron dawa yake fitowa, sukari cikon gyara ne kawai.

Ki jiƙa jar dawa gwangwanin madara 4 ta kwana, ki tsane ta, ki baza a kan buhun algarara mai laima, ki rufe. Ana yayyafa ruwa safe da yamma, kwana 3 zuwa 4 za ta fitar da tsiro. Idan ruwa ya yi yawa ko kika tara ta da kauri, funfuna ce za ta kama, kuma wannan sai zubarwa. Ki shanya a rana har ta bushe ƙarau, sannan a niƙa.

Gero tiya 1 za ki rege, ya kwana a ruwa, a markaɗo shi da citta, kanumfari da masoro, a tace. Ki raba gasarar uku. Kashi biyu ki sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko, kashi ɗayan ki dama shi da garin tsiro a ruwan sanyi.

A nan yawancin mata suke ɓata kunu. Idan kika zuba tsiro kokon yana tururi, zafi zai kashe ƙarfinsa, kunu ya tsaya kitib babu zaƙi. Idan kuma ya huce sarai, tsami zai riga zaƙi zuwa. Ki jira har yatsa ya iya shiga amma ba zai daɗe ba, ki haɗa, ki juya. Cikin minti 20 za ki ga ya tsinke. Wasu suna sa busasshen dankalin Hausa maimakon tsiro, yana yi, sai dai ƙamshin ba ɗaya ba ne.

Ki rufe awa 8 zuwa 10 da hunturu. Da bazara, watan Afrilu da Mayu, awa 6 ta isa. Ki sake tacewa, sukari kuma sai lokacin ɗurawa. Kunun da ya kwana biyu babu sanyi zai yi kumfa, gora ta kumbura, ya kama hanyar zama giya, don burkutu ma da tsiron dawa ake fara shi. Irin wannan ba a sayar wa kowa.

Mako mai zuwa, in sha Allahu, za mu shiga lissafin jari da riba.