Mun je kallon kotunan Texas, ɗan sanda ya tsare mu a gindin benci

Gundumomi 254 ne a jihar Texas, kuma galibinsu sun kafa ginin kotunsu ne a tsakiyar gari, shaguna sun kewaye shi ta kowace fuska. Ƙanena da ke karatu a Dallas shi ya zuga ni muka ɗauki mota muka bi ƙananan garuruwa kallon waɗannan gine-gine, a kowane gari kuma mu nemi abin da 'yan wasan Geocaching suka ɓoye. Manhaja ta ba ka lambobin wuri, ka bi GPS, ka laluba har ka zaƙulo ɗan gwangwani, ka sa hannu a takardar ciki, ka mayar. Tun watan Mayun 2000 ake wasan, bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula wa farar hula siginar GPS da gangan.

Gine-ginen kam sun biya kuɗin mai. Kotun gundumar Ellis da ke Waxahachie, wadda J. Riely Gordon ya zana aka gama a 1897, jan dutse ce da fuskokin mutane sassaƙe a kan ginshiƙai, ƙofofinta kuma a kusurwoyi suke. Ta Hillsboro ta fi taɓa ni. An gina ta a 1890, gobara ta cinye ta ranar 1 ga Janairun 1993, mutanen gari suka ƙi yarda a rushe. Mawaƙi Willie Nelson, ɗan garin Abbott da ke gundumar, ya yi wasannin tara kuɗi, aka sake tayar da ita. Wannan gobara na cikin abin da ya sa jihar ta kafa shirin gyaran tsofaffin kotuna a 1999, zamanin gwamna George W. Bush.

Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya a wani ƙaramin gari ya faru, can yamma, ranar Juma'a da la'asar. Bayanin manhaja ya nuna abin ɗan mitsitsi ne mai maganaɗisu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma GPS ta tsayar da mu a wani bencin ƙarfe da ke farfajiyar kotu. Na durƙusa, hannun dama a ƙarƙashin benci, matsefata a hagu don jawo takardar. Ƙanena na tsaye a kaina da waya yana cewa, "Yaya, matsa hagu kaɗan." Sai muka ji murya ta bayanmu, wai mu miƙe a hankali a ga hannuwanmu.

Ashe wata ma'aikaciya ce ta hango mu ta taga ta buga waya. Baƙi biyu, ɗaya da gemu da hula, suna cusa hannu ƙarƙashin bencin kotu. Ɗan sandan bai zage mu ba, gaskiya, amma ya karɓi katin shaidarmu, ya koma motarsa ya daɗe, ya dawo ya nemi mu buɗe but ɗin motarmu. Ya ga darduma bai ce komai ba. Butar alwala ce ta ɗaure masa kai, ya juya ta, ya sunsuna. Na nuna masa manhajar, ya kalle ta kamar ban nuna masa komai ba. Muna nan a rana fiye da awa guda, sai ga wani abokin aikinsa matashi. Yana jin bayani ya yi dariya, ya sunkuya, ya ɓamɓaro abin daga ƙafar bencin ta baya, inda hannuna bai kai ba. Ya ce 'ya'yansa ma sun taɓa samo shi.

Aka ba mu haƙuri, aka ba mu katunanmu. Amma kotun gari na gaba, wadda saboda ita muka yi nisan, ƙarfe biyar ake rufe ta, kuma ba a buɗewa sai Litinin. Ta waje muka gan ta, muka biya kuɗin masauki a banza. Da daddare na duba abin da waɗanda suka riga mu suka rubuta a kan wannan bencin: iyali da yara, tsofaffi masu yawo da kare, kowa na godiya wai cikin minti biyu ya samu. Babu wanda ya ambaci ɗan sanda. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, ba asarar kuɗin ba.

Daga ranar muka canza tsari. Muna isa gari sai mu fara shiga cikin kotun, mu gaisa da mai gadin da ke bakin na'urar bincike, mu ce mun zo kallon gini, kuma za mu nemi wani ɗan abin wasa a waje, ga shi a waya. Wasu har rakiya suke yi su nuna maka zauren shari'a na sama. Wuƙar aljihu a bar ta a mota. In kuma abin yana manne da bangon kotu ko kusa da ƙofa, ni dai na yafe shi. Doka ce a wasan a bar tazarar aƙalla mita 161 tsakanin maɓoya biyu, amma duk da haka da wuya ka rasa wani a tsallaken titi, wajen laburare ko tsohuwar maƙabarta, inda ba mai leƙenka ta taga. A sauke taswira tun ana da sabis, a riƙe biro, a kuma duba ƙasa kafin a durƙusa, domin jajayen tururuwan Texas cizonsu sai ya yi ruwa.

Yanzu ƙanena ya matsa sai mun je Mentone, hedikwatar gundumar Loving, wadda ƙidayar 2020 ta samu mutum 64 kacal a cikinta. Na ce masa to, amma wannan karon shi zai durƙusa, ni in riƙe waya.