Kasat din da na goge da hannuna

Kwanaki Alhaji, mai 'yar tashar talabijin din da nake wa aiki, ya kira ni ofis, wato dan dakin nan na bayan shago inda muke jibge wayoyin kabul, ya ce "kai ne ka fi kowa dadewa a nan in an cire Baba mai gyara, ka hada mana shiri kan tarihin tashar nan mu nuna da sallah." Na ce toh Alhaji an gama, ai wannan ba wani aiki bane. Wallahi da na san abin da zan tarar da ban yi saurin amsawa ba.

Don wadanda basu san mu ba, kar ku dauka wata katuwar tasha ce mai hasumiya da motoci. Daki biyu ne a wata unguwa ta bayan garin Garwa a arewacin Kamaru, kyamara uku daya ma sai an daure batirinta da roba, kwamfuta biyu, fanka, sai labule shudi da muke ratayawa a bayan mai gabatarwa. Hotonmu baya tashi a iska, ta waya yake bi gida gida, inda wayar Alhaji ta tsaya nan duniyarmu ta kare. Amma a cikin wannan 'yar duniyar in baka fito a tele dinmu ba toh bikinka bai cika biki ba.

Yaran yanzu basa yarda in na ce musu Kamaru bata da talabijin sam sai 1985. Makwabtanmu Najeriya tun 1959 suka bude tasu a Ibadan, mu kuwa rediyo ce uwa rediyo ce uba, Rediyon Garwa da ake ji da Fillanci da Hausa har tsallaken iyaka. Hoton farko da aka watsa na babban taron jam'iyya ne a Bamenda cikin watan Maris na 1985, wanda aka haifi RDPC, jam'iyyar gwamnati, a cikinsa, a watan Agusta kuma Fafaroma John Paul na biyu ya zo kasar har ya sauka nan Garwa. A 1987 aka hade rediyo da talabijin suka zama CRTV, hedkwata a Mballa II can Yawunde. Ni abin da na fara rikewa a kaina shine 1990, ina karami, mun cika tsakar gidan wani ma'aikacin kamfanin auduga na Sodecoton da ya fito da tele dinsa waje ya dora kan turmi, ranar da dan wasan Kamaru Omam-Biyik ya ci Ajantina da ka a gasar kofin duniya. Iyayenmu mata kuwa kallon labarai suke kamar kallon hoton bango, mai karanta labarai Denise Epoté tana zuba Faransanci suna yaba daurin dankwalinta da zaninta, abin da take fada kuwa oho, tunda da Faransanci ne da Turanci.

Dokar 'yancin yada labarai ta fito a Disamba 1990, amma sai Afrilu 2000 aka sa hannu kan takardar da ta bude kofa ga masu zaman kansu, lasisin farko ma sai 2007 irin su Canal 2 da STV na Duwala suka karba. Sauran duk a karkashin abin da ake kira tolérance administrative ake tafiya, wato hukuma ta ganka ta kau da kai, ran da ta ga dama ta waiwayo. Shi Alhaji ma ba da niyyar bude tasha ya fara ba. Dan kasuwa ne, ya kafa farantan parabol, wato na satalayit, a kan rufi, kowace tasha da dikodarta, a hada su duka a waya daya a ja ta kan falwaya da rassan dogon yaro, duk 'yan gidaje a sa amfilifaya don kar hoto ya yi yayyafi, karshen wata yaro ya zaga da littafi ya karbi kudi. Sai ya zama akwai layi daya da ba komai a kai, Baba mai gyara ya ce kawo mu jona bidiyo mu rika sa finafinan Indiya da na Kano. Daga nan wani ya zo akuyarsa ta bata a rubuta a allo, wani daurin aure, wani rasuwa, kamar wasa karamar magana ta zama babba, aka sayi kyamara. Tarihin kenan yadda Baba ya bani shi, yana fada yana lika waya da bakin salatif ko dagowa bai yi ba.

Ni na shigo a shekarar da Coton Sport, kungiyar kwallon Garwa, ta kai wasan karshe na kofin zakarun Afirka ta hadu da Al Ahly, 2008 kenan, da dan Faransancina na lise, wato sakandare, da girman kai cike da buhu. A raina dan jarida zan zama, irin mai kwat da nakatayi. Abin da aka fara bani shine littafin sanarwa, kominike muke ce masa, in zauna bakin kofa in rubuta, in karbi jaka guda, da dare in karanta da Hausa wani abokin aikina ya maimaita da Fillanci. Na raina aikin nan ba kadan ba. Kuma shi ya fara koya min hankali.

Wata ranar Laraba wani yaro ya zo a guje da 'yar takarda, wane ya rasu, jana'iza bayan la'asar. Na karanta suna kawai yadda aka rubuto, ban tambayi komai ba tunda sauri nake in je daukar wani taro da nake gani shine aikin gaske. Ashe mutum biyu ne masu sunan a unguwa, har sunan uba iri daya, daya tela daya mahauci. Tela ne ya rasu. Mahauci yana zaune a rumfarsa yana kirga cinikin rana sai ga mata da mayafai suna wucewa gidansa da salati, matarsa ta fito tana ihu, kaninsa ya taso a babur daga Pitoa ko hula babu. Da magariba sai ga mamacin da kansa a kofar tasha, da wukarsa a kugu ko cirewa bai yi ba (ba don ni ya dauko ta ba, amma lokacin wa ya sani), ya ce "ina yaron da ya kashe ni?" Alhaji ya bashi hakuri har da durkusawa, ni kuma aka sa na fito a allo dare uku a jere ina warware magana. Har gobe in na je sayen nama sai ya ce ga mala'ikan mutuwa nan ku bashi hanya. Tun ranar bana karanta rasuwa sai da suna da sana'a da unguwa da masallacin da mutum yake sallah, kuma sai babba wanda muka san fuskarsa ya kawo, yaro ko ya zo da kuka sai ya koma ya taho da wani. A nan na gane taron da nake rawar jiki a kai ko mutum goma basu kalla ba, sanarwar da na raina kuwa ita ce ake kashe murhu a zo a saurara.

Harshe ma haka. Garwa garin Fillanci ne, kasuwa da Fillanci, masallaci da Fillanci, mu Hausawa ma a ciki muka tashi, ofis kuma Faransanci. Da farko in na rike makirfo sai in bude da Faransanci wai don a san na yi boko, sai ka ga dattijo ya kame yana amsa "wi, wi" kamar a gaban jandarma. Ran da na fara cewa "Baba sannu da aiki, jam na?" na tsuguna na ajiye kyamara a kasa muka gaisa tukun, sai na ga mutane suna da magana a baki ashe. Lokacin ambaliyar 2012 da Binuwai ta cika aka bude kofofin madatsar Lagdo, na kai kyamara dab da fuskar wata mata tana kuka kan buhunan masararta da suka jike, Baba mai gyara da ya rako ni ya sa hannu ya danne kan kyamarar kasa, ya ce a hankali "in uwarka ce zaka nuna ta haka?" Ban sake ba.

Sauran wahalhalun kowa a arewa ya san su, ba sai na ja ba. Wuta ta dauke ana tsakiyar tafsiri, a ruga a tada gurup, wato janareta, mai ya kare. Zafin Maris da Afrilu ya haura 40, kwamfuta ta kashe kanta sai mun jika tawul mun rataya gaban fanka. Kurar hunturu ta shiga kan bidiyo hoto ya rika rawa.

Toh yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Da na bude kwalayen da ke karkashin teburin Alhaji don hada shirin tarihi, na tarar da kasat sun fi a kirga, manya na VHS da kanana na miniDV, rabi ba rubutu a jiki, wasu an rubuta "biki" kawai, bikin wa, yaushe, Allah masani. Na VHS da yawa sun manne, zafi ya narkar da su, wasu gara ta yi gida a kwalin. Wadanda suka yi aiki kuma abin da aka rubuta daban abin da ke ciki daban, saboda al'adarmu ce in kasat ya kare kuma ga aiki ya taso sai a dauki tsoho a dora sabo a kai. Kasat kudi ne, Alhaji kuma dan kasuwa ne, ban ga laifinsa ba. Daga baya da aka koma katin memori abin ma ya fi muni, a kwafe a ba mai biki a goge, hadis din kwamfuta, wato ma'ajiyar da muke tarawa a ciki, ya mutu rana daya da wuta ta dawo da karfi. Shekara da shekaru muna daukar unguwa guda, hawan dawakin sallah a kofar Lamido, saukar Alkur'ani, wasan yara, 'yan Najeriya da suka cika gari a Janairun 2022 lokacin da Super Eagles suka ci Masar a gasar kofin Afirka a filin Roumdé Adjia mu kuma muna waje muna daukar masu suya da masu ganga tunda bamu da izinin nuna wasa, amma in ka ce in nuna maka awa biyu masu kyau a jere sai na yi gumi. Abin da ya tsira lafiya lau shine littattafan kominike, su da na raina, ga su nan kowace haihuwa da aure da rasuwa da kwanan wata da rubutun hannuna.

Akwai kasat daya da na san shi tun kafin in saka. A shekaruna na farko na yi hira da wani tsoho dan kasuwar goro, Bahaushe, wanda ya ga zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai daga Najeriya da damina in ruwa ya cika, su sauke gishiri da siminti da yadi a tashar jirgin Garwa su dauki auduga da gyada, 'yan makonni kadan ruwa ya ja baya sai kuma badi. Ya bani labarin fatake, da yadda iyayensa suka zo suka zauna, da unguwar Hausawa tun tana 'yan gidaje. Awa guda cur, kasat din miniDV ya cika dam. Mun nuna sau daya. Bayan wata biyu aka kira ni daukar kamu da gaggawa, ba sabon kasat a tasha, shago ya rufe, na duba na ga wannan na ce ai an riga an nuna. Ba wanda ya sa ni. Ni na saka shi da hannuna na danna jan maballi.

Tsohon ya rasu da dadewa, ni na karanta sanarwarsa ma. Yanzu kowa na da dikoda, Arewa24 ta zo tun 2014, sanarwa ta koma WhatsApp, gidajen da ke kan wayarmu sun ragu sosai, amma da aka ji ana hada shirin tarihi sai ga 'yarsa ta zo, ita ma yanzu da jikokinta, ta tsaya bakin kofa ta ce "dan nan, an ce kuna da hoton Baba yana magana, yaran nan basu san muryarsa ba." Na ce Hajiya ki zauna. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na fada mata gaskiya. Ta yi shiru ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta fara gyara mayafi zata tashi.

Baba mai gyara ne ya ce tsaya, kamun nan awa guda ya yi? Na ce a'a, batir ya mutu kafin a watse. Ya ce toh kai shi karshe. Muka jona tsohuwar kyamarar nan mai roba a tele, na tura gaba, mata na ta guda ana liki, amarya a lullube, sai hoto ya yage ya yi layi layi, sai ga tsoho zaune kan buzunsa da jan goro a baki yana dariya, yana cewa in jirgi ya yi kuka daga nesa duk yaran gari sai su bar allo su ruga bakin kogi, malam na binsu da dorina shi ma so yake ya gani. Minti hudu da 'yan dakikoki ne suka rage. Hajiya ta matso da kujera har gwiwarta na taba teburin, ta jawo karamin jikan ta ce "ka ga kakana, ka ga kakanka," ta ma rikice da wanda zata ce. Sau biyar ta sa na mayar. A na shida Baba ya ce a bari haka kar kasat ya tsinke, ya miko min kebul ya ce in juye mata a waya tukun, in kuma samo alkalami in rubuta sunan mutumin a jikin kwalin.