Ruwan kwano da gindin katanga

Duk wanda ya bi lungunan cikin birnin Zazzau a watan Agusta, daga Kwarbai ya ratsa Kusfa ya nufi Ƙofar Gayan, zai ga abu ɗaya a jikin gidaje da yawa. Katanga lafiya lau daga sama, amma gindinta ya zaizaye, ya yi kore, yaɓen ya zube har ana ganin tubali. Mutane kan ce tsufa ne. Ni kam na fi ɗora laifin a kan ruwan da ke zuba daga rufin kwano, kuma abin yana damuna, domin gidajen da muke asara a kowace damina ba ƙanana ba ne.

Maginanmu na dā sun san sharrin ruwa. In sun yi rufin soro, sukan shimfiɗa azara, su zuba ƙasa, su karkata daɓen kaɗan yadda ruwa zai bi hanya ɗaya, sannan su kafa indararo mai tsawo wanda zai tofar da ruwan can nesa da bango. Kafin damina kuma a sake yaɓe da makuba. Da irin wannan kulawa ne Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu ya yi fiye da shekara ɗari yana shan damina, kafin a kewaye shi da sabon gini. Da kwano ya zo, sai muka ɗora shi a kan katangar ƙasa, muka bar masa ɗan baki wanda bai wuce kamu ɗaya ba, muka watsar da indararo. Yanzu ruwa yana zuba ne a tsawon rufin gaba ɗaya, daidai gindin bango, ya haƙa rami, ya fantsama ya jiƙa katanga. Ginin bulo ma bai tsira ba: danshi ya hau, fenti ya kumbura, ɗaki ya riƙa warin sanyi.

Ga lissafin da ya sa na tashi tsaye a gidanmu. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, mafi ƙarfinsa a Agusta. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin ɓangarenmu mita 12 ne a tsawo, mita 10 a faɗi, wato kusan lita 120,000 ke sauka a kansa duk shekara. In aka zuba a jarkar lita 25, an tasam ma jarka 4,800. Duk wannan yana tafiya gindin katanga da tsakar gida, mu kuma da bazara ta yi mu fita tarar 'yan garuwa.

Na kira kafintan da ya yi mana rufin tun farko don ya sa mana indararon da zai bi tsawon bakin rufi yana tara ruwan. Dattijo ne, ba ya son gaggawa. Abin da ya fara dubawa shi ne katakon bakin rufi, inda za a ɗaure indararon. Ya sa tsinin guduma ya ƙwanƙwasa, wani wuri ya yi ƙara, wani wuri ya lotsa saboda gara. Ya ce, "Malam, wannan ba zai ɗauki nauyin ruwa ba, sai mun canja." Aka canja falle biyu, aka shafa musu baƙin mai.

Daga nan ya buga ƙusa a ƙarshen rufi, ya buga wata a ɗaya ƙarshen, ƙasa da ta farko da kamar santimita 5, ya ja zare a tsakani. Wannan zaren shi ne aikin gaba ɗaya. In gangaren ya yi kaɗan, ruwa ya kwanta, laka ta taru, sauro ya samu gida, kwanon ya yi tsatsa. In ya yi yawa, ƙarshen indararon ya sauka nesa da bakin rufi, ruwa mai ƙarfi ya tsallake shi ya zuba ƙasa. Ya jera ƙarafan riƙo a kan zaren, tsakaninsu bai kai mita ɗaya ba, domin indararo cike da ruwa nauyi gare shi, kuma iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas ba ta da wasa. Da ya gama, ya sa yaronsa ya hau tsani da bokiti ya kwara ruwa a can sama. Muka tsaya muna kallo. A wata mahaɗa sai ga ɗigo yana bin ƙasan kwanon. Ya sauke wannan gaɓar, ya juya ta yadda ta sama za ta hau kan ta ƙasa, ya liƙe, aka sake kwarawa har ya gamsu.

Mun zaɓi alminiyam ne, wanda aka naɗe mana a Sabon Gari. Farin kwano ya fi araha amma yana tsatsa, na roba kuma in ba mai kauri ba ne, ranar Maris da Afrilu tana busar da shi ya tsage. Shawarata ita ce a yi shi da faɗi. Ruwan marka kowane indararo zai ɗauka. Wanda ke gwada shi shi ne hadarin da zai juye cikin rabin awa. Bututun saukar ruwa mun sa mai inci 4, guda biyu.

Inda mutane suka fi kuskurewa shi ne ƙarshen bututun. Muna cikin aiki maƙwabcinmu, sa'an mahaifina ne, ya leƙo ya ce, "Ɗana, ruwan nan da kake tarawa, ina za ka kai shi?" Na ce, "Baba, tanki za shi, ragowar kuma kwata." Ya ce, "To, madalla, don katangata ta ƙasa ce." Yana da gaskiya. Ruwan da ke watse a tsawon mita 12 in ka haɗa shi a baki ɗaya, ka sake shi a lungu, ka tsare bangonka ne ka tura wa na wani. Rigingimun maƙwabta da ake kai wa gaban mai unguwa da damina, da yawansu daga nan suke. Shi ya sa muka binne bututu a ƙasa har bakin kwata, muka yi wa wurin siminti.

Ɗaya bututun yana shiga tankin lita 2,000 a tsakar gida. Ruwan farko ba ma tara shi, don yana ɗauke da ƙurar hunturu da kashin tattabaru da na ƙadangaru. Akwai murfi a ƙasan bututun da muke buɗewa ya zube, sai ruwa ya yi fari mu rufe. Bakin tankin da raga, murfinsa kullum a rufe. Da shi ake wanki da wanka da wanke-wanke, na sha kuma sai an tafasa. Hajiya ta ce sabulu ya fi kumfa da shi a kan ruwan rijiyarmu.

Darbejiyar ƙofar gida tana zubar da ganye, don haka kafin ruwan farko sai an hau an kwashe, a sake dubawa a tsakiyar damina. Mai niyyar yin wannan aiki ya nemi kafinta tun Fabrairu ko Maris. Da zarar iskar farko ta yaye rufin mutane, duk kafintocin Tudun Wada da cikin birni suna can saman gidaje, kuma kuɗin kwano ya riga ya tashi.