Alhamdulillahi, Motar Baba Ta Dawo Gida da Ƙafarta

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Jiya Asabar bayan la'asar motar marigayi Baba, Peugeot 504, ta shigo gida da ƙafarta, ba janwe, ba turi, ba igiya. Wata bakwai da kwana tara ke nan rabonta da ƙofar gidan nan. Jikina duk ciwo yake, tun daga Kaduna nake tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, amma na ce ba zan kwanta ba sai na sauke nauyin godiyar da ke kaina.

Ku da kuka bi ni tun ranar da na sa hoton baƙin man nan da ya koma kamar koko, kun san komai, ba sai na maimaita ba. Kun san tiyon lagireto ne ya fashe, kun san allurar da ke nuna zafin inji ta daɗe ba ta aiki na yi ta cewa gobe. Wannan sakacina ne, na kuma ɗauka.

Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa muku ba. A daren da injin ya buga, ba ni kaɗai ba ne a motar. Hajiya tana baya, da jikokinta biyu. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, an yi magariba, duhu ya fara rufawa, sai na ji ƙarar nan daga ƙasan inji, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana dukan tukunyar ƙarfe da guduma. Na gangara gefen titi na kashe. Shiru. Duk wanda yake bin hanyar nan da dare ya san irin tunanin da ke zuwa wa mutum a lokacin. Hajiya ba ta ce mini komai ba, sai na ji tana maimaita hasbunallahu wa ni'imal wakil ƙasa-ƙasa, ta jawo yaran jikinta ta lulluɓe su da mayafinta. Motoci suna ta wucewa, ina ɗaga hannu, ba mai tsayawa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai wani mai a-kori-kura ɗauke da buhunan albasa ya wuce mu, ya taka birki can gaba, ya dawo da baya. Ya haska fitilar wayarsa, ya ga tsohuwa da yara, bai tambaye ni komai ba ya ciro igiya. Ya ja mu har gidan mai inda akwai haske da mutane. Na miƙa masa abin da ke aljihuna, ya ture hannuna, ya ce, "Haba Alhaji, a irin wannan motar na koyi tuƙi. Ka kai Mama gida." Ban san sunansa ba, ban karɓi lambarsa ba, ruɗewa ba ta bar ni ba. Bawan Allah, in wannan rubutu ya iso gare ka, ka sani Hajiya ba ta yin sallah ba ta sa ka a addu'a ba. Allah ya tsare ka a duk hanyar da ka hau, ya tsayar maka da mai taimako a ranar da kake nema.

Daga nan aka shiga maganar da ta ɗauke mu watanni: a sayi inji ɗan Baljiyam a ɗora, ko a sauke nata a yi masa obaholin, wato a kwance shi gaba ɗaya a sabunta abin da ya lalace. Yawancinku kun ce in sayi ɗan Baljiyam, kuma ba ku faɗi ƙarya ba. Kwana biyu an gama, kuɗin a fili yake, ka biya ka huta. Shi kuwa obaholin, sai an buɗe ake sanin abin da za a tarar, yau a ce ringin fistin, gobe a ce metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa, jibi a ce karanshaf ɗin kansa, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa. Ni ma can zuciyata ta karkata. Har na haɗa kuɗin, na shiga kasuwa, aka nuna mini inji guda uku a jere, an wanke su tas suna ƙyalli.

A nan ne zan ambaci mutumin da ya ce kada in ambace shi. Oga mai shagon kusurwa, ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a Sabon Gari, wanda Baba ya yi shekaru yana sayen fulogi da fanbel a wurinsa. Da ya ga takardun motar ya gane sunan Baba, sai ya ja ni bayan shago ya ce, "Ɗan Alhaji, zan faɗa maka gaskiya ko da zan rasa ciniki. Faransa ta daina ƙera 504 irin taku tun 1983. Wane Bature ne har yau yake cire lafiyayyen injinta yana turo mana? Yawancin abin da kake gani injin tasi ne da ya gama yawo a nan ƙasar, aka wanke da fetur aka fesa fenti. Kana iya dacewa, kana iya sayen ciwon da ya fi naka." Ya sa yaronsa ya kwance farantin ƙasa na ɗaya daga cikinsu a gabana. Dagwalon baƙin mai ne daskare a ciki, da ɓarɓashin ƙarfe yana walƙiya. Mutumin nan kuɗina yana hannuna, shi yake nema, ya mayar da ni gida da su. Allah ya buɗa maka kasuwa, Oga, ya raya maka zuri'a.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Wanda yake da ƙaramar motar Japan da yake neman abinci da ita kullum, wadda injinta suke shigowa kwantena-kwantena, in ya sayi ɗan Baljiyam ya yi daidai, ni ma shi zan ba shi shawara. Amma motar da ta haura shekara arba'in lissafinta daban ne, tunda duk injin da za ka samo sa'an naka ne a tsufa, kuma naka ka san tarihinsa, wancan ba ka sani ba.

Sai Kaduna. Sai Baba makaniki.

Ban san ta inda zan fara gode wa dattijon nan ba. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a kamfanin haɗa Peugeot da ke Kakuri, inda aka fara haɗa motoci a 1975, kuma daga can tamu ta fito a 1982, Baba ya saye ta sabuwa da ledarta. Yanzu dattijon idonsa ya yi rauni, garejinsa rumfar kwano ce da bishiyar darbejiya, yara biyu ne kawai suke taya shi. Ranar da janwe ya sauke motar, bai fara duba ɓarnar ba. Ya sa tsumma da ɗan fetur ya goge gefen bulok har lambar inji ta fito, ya ce in karanto masa ta cikin takarda. Na karanta, yana bi da yatsa, harafi bayan harafi. Da muka kai ƙarshe ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan injin da shi ta fito daga kamfani. Mahaifinka bai taɓa canza shi ba. Kai ma ba za ka canza ba, in Allah ya yarda." Na juya baya don kada yaransa su ga idona.

Shi ya zaunar da ni a kan benci ya fahimtar da ni abin da ban sani ba duk shekarun da nake tuƙa ta. Injin 504 mai lita 2, wanda suke kira XN1, an yi shi ne don a riƙa sabunta shi. Fistin ba a cikin naman bulok yake gudu ba, a cikin silif yake, wato bututun ƙarfe guda 4 da ake zarewa a sa sababbi, ruwa yana zagaye su ta waje. Saboda haka ba sai an kai bulok an rarake shi ba. In bulok bai tsage ba, inji bai mutu ba. Namu bai tsage ba. Abin da zafi ya yi shi ne ya lanƙwasa kan silinda, da yake na alminiyam ne, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai, metal ya rasa mai ya cinye, shi ne ƙarar da na ji. Ya ɗora karanshaf a kan buhu, ya bi wuyansa da farcen babban yatsa, a wuri na uku farcen ya maƙale. Ya ce wannan sai an kai an yanka, a sa metal mai kauri daidai da yankan. Ya auna, ya sake aunawa, ya rubuta a bayan kwalin ashana.

Abin da ya tsayar da mu wata uku cur shi ne silif da fistin na kirki. Na kawo kashi biyu daga wurare daban-daban, yana ɗagawa ya juya ya ajiye, ya ce ba zai ɗaura wannan a motar Alhaji ba. Raina ya ɓaci a lokacin, ba zan ɓoye ba, kuɗin mota zuwa Kaduna kaɗai ya ishe ni. Wata ranar Talata na je na ce masa, Baba, na gaji, a sa abin da ya samu. Bai amsa ba. Ya shiga gida ya daɗe, sai ga shi da yaronsa suna ɗauke da tsohuwar adakar ƙarfe. Ya buɗe, ya ɗaga tsofaffin riguna, ya fito da ƙunshi huɗu a cikin takarda mai maiƙo, ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Silif da fistin da ringinsu, sababbi fil, ko tsatsa babu. Ya ce ya saye su ne tun da daɗewa don tasa motar, sai lalurar rashin lafiyar mai ɗakinsa ta sa ya sayar da motar, su kuma ya kasa rabuwa da su. Ya ce, "Na ga yadda kake zarya. Gara su yi gudu a titi da in mutu a sayar wa 'yan gwangwan a kilo." Na tambayi kuɗinsu, ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa. Abin da na ba shi na san bai kai ba, shi ma ya sani.

Kwana uku ya yi yana ɗaure injin, ni ina zaune ina kallo. Kowane silif sai ya auna ɗan tudun da ya yi sama da fuskar bulok, abin da ido ba ya gani, ya ce in wannan ya kuskure ko da kaurin gashi ne gasket zai sake ƙonewa. Ƙusoshin kan silinda bi da bi ya ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, yana ƙirgawa a bakinsa. Ranar da za a tayar, ya ce in shiga ni in murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, a na uku ta kama. Sautin nan ne dai, wanda muke ji daga cikin ɗaki muna yara mu san Baba ya dawo. Dattijon ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya rufe ido yana saurare, can ya ce, "To, madalla."

Baba makaniki, Allah ya saka maka da gidan Aljanna. Allah ya ƙara maka lafiya da hasken ido, ya jiƙan mai ɗakinka, ya sa yaran da kake koya wa su gaje hannunka da amanarka. Yadda ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka duniya da lahira.

Maman yara, kin ɗauki adashinki da kika yi shekara kina zubi kika ba ni ba tare da na tambaya ba, kuma ko sau ɗaya ba ki ce mini mota ce kawai ba. Allah ya bar mu tare. Auta, ke kika riƙa kai Hajiya asibiti a Keke duk watannin nan, Allah ya ba ki masu yi miki. Mai yankan karanshaf na Fanteka da ya karɓi aikinmu ana gobe Sallah, da ɗan'uwan nan na Maraɗi da ban taɓa gani ba, wanda ya karanta rubutuna ya shiga kasuwarsu ya samo mini famfon mai da sarƙar taimin ya aiko a motar haya, da yaran gareji biyu da suka wanke kowane ƙarfe da buroshi har hannunsu ya yi kanta, da ku duka da kuka yi ta tambaya kuna addu'a, har da waɗanda muka yi musu da ku a kan ɗan Baljiyam, na gode, na gode. Allah ya biya wa kowa buƙatarsa.

Akwai waɗanda na zaci su ne za su fara kira. Motar nan ita ta ɗauko amaren wasunsu, ita ta kai wasu makarantar kwana da akwatinsu a but, ita ta kai matan wasu asibiti tsakar dare. Da ta lalace, abin da na ji daga wajensu shi ne a kira 'yan gwangwan a raba kuɗin. Wata bakwai ko "yaya ake ciki" babu. Ba komai. Ban riƙe kowa ba, kuma ƙofar motar a buɗe take ga duk ɗan gidan nan. Allah ya bar zumunci.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya sa ya huta. Ya jiƙan dukkan iyayenmu da suka riga mu, ya ba masu rai lafiya da tsawon kwana mai albarka.

Da na yi fakin jiya, Hajiya ta fito da carbinta a hannu. Ta buɗe ƙofar gaba, wurin da ta saba zama, ta shiga ta ce kada in kashe tukuna. Mun fi minti goma a zaune a ƙofar gida inji yana aiki, ba wanda ya yi magana. Sannan ta ce ranar Juma'a in kai ta Ɗambatta wurin Gwaggo. Baba makaniki ya ce kada in wuce 80 har sai ta ci kilomita 1,000, daga nan in mayar masa da ita ya juye baƙin mai, ya sake ɗaure kan silinda, ya saita bawul. Na gaya wa Hajiya tafiyar za ta ɗauki lokaci, ta ce mu fita da wuri.