Ƙarar da ke ƙarƙashin sitiyarina

Wata uku motata tana wata ƙara, ƙwas-ƙwas, duk lokacin da na murza sitiyari a hankali ko na hau hanya mai gargada. Har a tafin hannu nake jin ta, kamar wani na ƙwanƙwasa sandar sitiyarin daga ƙasa. Da farko tayarod, ƙarafan nan biyu da ke kai tuƙi ga tayoyin gaba, na ɗora wa laifi. Na ɗaga motar a jak, na jijjiga taya, na sa wa raina cewa akwai wasa, na canza duka biyun. Washegari ƙara tana nan daram.

Abin da ya kamata in fara da shi, shi na yi a ƙarshe. Na kashe mota, na kwanta rigingine wajen burki da totur, tocila a baki, ƙanena yana motsa sitiyarin hagu da dama kaɗan-kaɗan. Na riƙa bin sandar da hannu. Ina damƙar ta tsakiya, wadda ke haɗa sandar sama da rak, wato ƙarfen da ke tura tayoyin gaba hagu da dama, sai ya ce, "Yaya, ta yi shiru fa." Na saki, ta dawo.

Wannan sanda biyu ce a haɗe, ɗaya cikin ɗaya, da haƙora a tsaye da ke ba ta damar miƙewa da tsukewa idan jikin mota ya motsa. Giris ne ke cike ɗan ratar da ke tsakanin haƙoran. Idan ya bushe, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe.

Kafin in taɓa komai na miƙar da tayoyin gaba, na cire wayar batir ta nagatif, na jira minti 10 saboda jakar iskar da ke cikin sitiyari. Sannan na ɗaure sitiyarin da bel ɗin kujera. Wannan ɗaurin ba na wasa ba ne. A bayan sitiyari akwai wata siririyar waya a nannaɗe da ke kai wuta ga hon da jakar iska, kuma zagayen da take iya ɗauka ƙidayayye ne. Da zarar an raba sandar, sitiyari zai juya sakaka, wayar ta tsinke.

Kusar da ke matse bakin sandar ta wahalar da ni. Na sassauta ta, na yi ta ja har gumi ya jiƙe ni, sanda ta ƙi fita. Ashe kusar ta bi ta wani gurbi da aka fafe a jikin ƙarfen, sai an zare ta gaba ɗaya. Ina zarewa, sandar ta sulɓo kamar da ma jira take.

Tsohon giris ɗin ya koma baƙi, ya daskare kamar busasshen ƙaro. Na wanke, na cusa sabo mai kauri, na yi ta zuge sandar ciki da waje har ya ratsa ko'ina. Na kuma gwada mahaɗan nan biyu masu siffar gicciye da ke kowane baki. Na sama lafiya lau, na ƙasa da ɗan wasa kaɗan wanda ban so ba.

Sai ga gangancina. Na yi alama da fenti a bakin sama, na manta na ƙasa. Da na haɗa na fita gwaji, ƙara ta ɗauke ɗif, amma mota na tafiya miƙe, sitiyari ya karkace zuwa hagu. Haƙori ɗaya tak na kuskure. Dole na sake komawa ƙarƙashi, wuya na ciwo, na kwance, na matsar, na ɗaure kusoshin da sufana mai auna ƙarfi daidai yadda littafin motar ya ce, don a wurin da tuƙi ya rataya ba na yarda da ƙiyasin hannu.

Mahaɗin ƙasan nan giris ba ya maganinsa. Duk sati biyu ina zura hannu in taɓa shi, kuma na riga na ƙudurta cewa ranar da wasan ya ƙaru, sandar gaba ɗaya zan canza.