Fim yana cikin ɗaki, talabijin tana neman intanet

Raspberry Pi 4, wata ƙaramar kwamfuta, na yi amfani da shi a matsayin saba, wato na'urar da ke raba fina-finai ga sauran na'urorin gida, da rumbun ajiya na waje, na ɗora Plex a kai, manhajar da ke tura fim zuwa talabijin da waya, rauta ɗaya kuma ta haɗa talabijin da wayoyin gidan. Haɗawar ba ta ba ni wahala ba. Ranar da data ta ƙare ne na ga abin da har yanzu yake min ciwo: fina-finan na nan a rumbu, fitilar sabar tana ci, amma talabijin sai juyi take yi, wai in shiga asusuna.

Dalilin shi ne Plex tana tantance mai kallo ta hanyar plex.tv, ko da fayil ɗin yana gefen gadonka. Maganin yana nan cikin saiti, sai dai dole a gyara shi tun intanet na aiki. Ka shiga Settings na sabar Plex, sannan Network, ka danna Show Advanced. Akwai gurbin da ake rubuta adireshin na'urorin da za a bari su shiga ba tare da tantancewa ba. Idan rautarka tana raba 192.168.1.x, ka rubuta 192.168.1.0/255.255.255.0. A wannan shafin kuma ka mayar da Secure connections zuwa Preferred. Idan ka bar shi a Required, na'urorin za su nace sai sun bi ta sunan plex.direct, wanda ba zai samu ba in babu DNS na waje, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi. A burauza ma ka manta da app.plex.tv, ka rubuta adireshin sabar kai tsaye, misali 192.168.1.10:32400/web.

Amma fa ka sani, duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka yanzu zai shiga kamar mai gida, har saitin sabar zai iya taɓawa. Idan kana ba maƙwabta kalmar sirri, gara ka jera adireshin talabijin da wayarka kaɗai, da waƙafi a tsakani. Sauya mai kallo zuwa asusun yara ma intanet yake buƙata, don haka ka kunna saitin da ke sa manhajar ta shiga asusu da kanta a kowace na'ura.

Sai matsalar wuta. Duk lokacin da aka ɗauke aka dawo da ita, rauta na iya ba sabar sabon adireshi, talabijin kuma ta ci gaba da neman tsohon. Da intanet ba za ka ma lura ba, domin plex.tv ce ke nuna mata hanya. Ka shiga saitin DHCP na rautar, inda take raba adireshi, ka ɗaure adireshi ɗaya da lambar MAC ta sabar, wato lambar da rauta ke gane na'ura da ita. Wayoyin Android su ma suna da halinsu: da sun ga Wi-Fi babu intanet sai su zame su koma kan datar layi. Ka kashe datar, ko ka amsa musu su zauna a haɗe.

Daga baya na ɗora Jellyfin a gefe, wata manhaja mai aiki irin na Plex. Ita asusunta a cikin sabar suke, tana amsawa a tashar 8096 (lambar da ake sa wa bayan adireshi, kamar 32400 na Plex), ba ta tambayar kowa a waje kafin ta buɗe. Hotunan fim da bayanansu ne kawai take ɗaukowa daga intanet, su ma na sa ta adana su a jakar kowane fim tare da fayilolin NFO masu ɗauke da bayanan fim. Na kuma kunna DLNA, hanyar da na'urorin gida ke ganin fayilolin juna, a Plex saboda manhajar kallo ta VLC ta riƙa ganin rumbun, ko da yake DLNA ba ta san babba ba ta san yaro ba, komai take bajewa.

Gwajin da nake yi yanzu bayan kowane sabuntawa: in zare wayar intanet ko in cire layin daga rauta, in kashe talabijin daga soket, in sake kunna komai. Zare waya kaɗai yana yaudara, domin manhajar tana riƙe da tsohuwar shigarta har sai an rufe ta gaba ɗaya.