Katie Ledecky da mita 800

Har yau ina tuna tseren ninƙaya na mita 800 a Olamfik ɗin Riyo, 2016. A waya na kalla, sau uku ina maimaitawa. Katie Ledecky ta taɓa bango, ta juyo tana numfashi, ta ɗaga kai ta dubi allo: minti 8 da daƙiƙa 4.79. Sai da aka yi fiye da daƙiƙa 11 kafin ta biyu ta iso. Kyamara ma sai da ta ja baya kafin ta haɗa su a hoto ɗaya.

'Yar Amurka ce, haifaffiyar 1997. Tana da shekara 15 ta ci zinaren farko a Landan a 2012, lokacin ba kowa ya san ta ba. Ta sake cin wannan tseren a Riyo, da Tokyo, da Paris a 2024. Sau huɗu a jere! Zinarenta na Olamfik tara ne yanzu.

Abin da ya fi burge ni shi ne mita 1500, zuwa da dawowa tsawon kwami sau 15, ba ka ganin komai sai baƙin layin da ke ƙasan ruwa. Haƙuri ne zalla. Mata ba su samu damar yin sa a Olamfik ba sai a Tokyo, kuma ita ta fara ɗauka.

Ariarne Titmus ta Ostareliya ta doke ta a mita 400 a Tokyo, ranar na ji ba daɗi ƙwarai. Amma a watan Mayun 2025, tana da shekara 28, Ledecky ta karya tarihin mita 800 da ta kafa a Riyo da minti 8 da daƙiƙa 4.12.